Rijiyar Namadi a Littafin Dokta Cha'ibu

Dokta Cha'ibu mutumin Maijirgi ne, ko da yake in ka gan shi a Yamai cikin kwat, riƙe da jakar takardu, ba za ka ce da amalanken jaki ubansa ya ciyar da gida ba. An haife shi a 1971, na shida a ɗakin uwarsa, kuma shi kaɗai aka kai lakwal, wato makarantar boko. Ba wani haske aka hango a goshinsa ba. An ce wa mai gari ya kawo yara goma, ya bi gida-gida yana tsinta, uban Cha'ibu kuwa ya dubi 'ya'yansa ya miƙa wanda ya fi kowa lalaci a gona. Har tsohon ya rasu yana ba da wannan labari yana dariya. Cha'ibu bai taɓa jin abin dariya a ciki ba.

Karatu ya karɓe shi. Daga Maijirgi ya tafi kwaleji a Tasawa, daga nan lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi, sannan jami'a a Yamai, inda ya karanta kimiyyar siyasa. Abokan karatunsa da suka ɗauki fannin siyasar arzikin ƙasa duk yuraniyom ɗin arewa suka rufa wa, don a kansa ne Turawa ke kasa kunne. Cha'ibu ya ce shi bai taɓa ganin wanda aka sara a kan yuraniyom ba, amma ya ga wanda aka sara a bakin rijiya. Abin da yake son sani shi ne wa ke da ruwa, wa ke sha da farko, da yadda dokar da aka tsara a manyan biranen duniya don a ba ƙasa tallafi take gangarowa har ta iske makiyayi riƙe da guga. Wata jami'a a ƙasar waje ta ji daɗin tambayar, ta ɗauke shi karatun digirin dokta.

Akwai halinsa guda da ya kamata a sani tun yanzu. Cha'ibu ya fi tsoron ƙa'ida a kan maciji. Shi ne mutumin da zai tsaya a mahaɗar hanya yana jiran fitilar da ta yi wata uku da lalacewa. Wannan hali shi ya kai shi inda ya kai, kuma duk wanda ya yi aiki da shi ya yabe shi a kai.

A ranin 2001 ya dawo gida yin bincike. Ranar kasuwar Gidan Amumune ya hau kabu-kabu, da jakar kaset da ƙaramin rikoda, aka nausa da shi cikin rairayi wajen El Alasan Mairairai. Can ya iske wata rijiya ita kaɗai a fili, shanu sun yi layi, wani dogon Bafulatani mai kimanin shekara hamsin yana kora san da ke jan guga. Sunansa Namadi. Ya dubi baƙon tun daga takalmi har hula, ya tambaye shi ko na haraji ne ko na allurar dabbobi. Da ya ji cewa labarin rijiya kawai aka zo nema, sai ya yi dariya ya ce a ba ɗan lakwal nono.

Wata huɗu Cha'ibu ya yi yana zuwa rugar. Namadi ya gaya masa komai. Mahaifinsa, Na Allah, shi ya gina rijiyar a 1975, bayan babban farin da ya cinye musu dukiya, da iznin mai garin wancan lokaci. Gaba talatin da huɗu suka yi kafin su ga danshi. Namadi yana saurayi a lokacin, shi ake ɗaura wa igiya a ƙugu a zura, kuma ƙasa ta taɓa rufto masa har wuya. Ya faɗi sunan mutum bakwai da suka yi aikin. Ya faɗi ka'idar shan ruwa: mai rijiya da farko, sannan maƙwabci, baƙo mai wucewa kuwa ba a hana shi kwana uku. Da sabo ya yi sabo, har abin da ba a faɗa ya faɗa, wato wane mai gari ne ke sayar da burtali a ɓoye, da wanda ake kai wa rago kafin a yi shari'ar ɓarna.

Ranar da za su rabu, Namadi ya riƙe hannunsa ya ce, “Ka rubuta Namadi ɗan Na Allah. Ka sa cewa shi ya gina ta, ni na shiga ramin. Ka sa sunan da kyau, ɗan lakwal, don mu da munka gani ƙarewa mukai.”

Cha'ibu ya ce, “To, Baffa.”

Irin “to” ɗin nan ce tamu, wadda ake ce wa babba don kada a yi masa musu. A ransa ya san akwai magana, amma ya bar ta sai ya koma.

Maganar ita ce, masu irin wannan bincike suna da al'adarsu. Ba a sa sunan wanda ya ba ka labari, don kada abin da ya faɗa ya dawo ya cuce shi. Jami'ar ta sa shi ya sa hannu a takarda cewa zai sauya sunayen mutane da na wurare, kuma zai hallaka kaset-kaset ɗin bayan shekara biyar. Ba wauta ba ce. A shekarun nan jinin da aka zubar tsakanin manoma da makiyaya bai bushe a zukatan mutane ba, Namadi kuwa ya ambaci masu ƙarfi. Cha'ibu ya taɓa gaya wa malamarsa, wata tsohuwar Baturiya mai kirki, cewa akwai mutum guda da ya roƙi a sa sunansa. Ta ce mutumin bai san iyakar inda littafi ke zuwa ba, aikin mai bincike ne ya kare shi ko da bai so. Cha'ibu ya ji sanyi a ransa, don an ba shi ƙa'ida.

Wani da ya sauya suna ya tsaya nan. Cha'ibu bai iya rabin aiki ba. Ya mai da Namadi Marwa. Ya ɗauke rijiyar daga ƙasar Mayahi ya kai ta gabas da Tasawa. Ya rage mata zurfi zuwa gaba ashirin da takwas, ya ja shekarar gininta baya zuwa 1968, masu ginin bakwai suka koma biyar. A farkon littafin ya rubuta shafi guda yana bayyana cewa duk ya yi haka da gangan, yadda ko ɗan garin ba zai gane ba. Masu jarraba shi sun yaba wa wannan shafi ƙwarai. Da shekara biyar ta cika, ya tara kaset talatin da ɗaya da ƙaramin kaye, wato littafin da ya rubuta sunayen gaskiya a ciki, ya cinna musu wuta a bayan gidansa a Yamai, ya aika wa jami'ar wasiƙa cewa ya cika alkawari.

Littafin ya fito da Faransanci. Cha'ibu ya ɗauki kwafi guda, ya hau mota da kabu-kabu ya kai wa Namadi da hannunsa. Namadi ya juya shi gaba da baya, ya auna nauyinsa, ya tambaya ko ya shiga. Cha'ibu ya buɗe babi na huɗu ya ce duk wannan maganarsa ce. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Ya ga tsohon na murna, mutanen ruga sun taru, sai ya ga ba ranar ɓata wa mutum rai ba ce. Namadi ya kai littafin kasuwa, baduku ya ɗinka masa gafaka, ya ajiye shi tare da abin da ya fi ji da shi. Babu mai karanta Faransanci a rugar, kuma ko akwai, ba abin da za a miƙa wa kowane hannu ba ne.

Daga nan duniya ta yi wa Cha'ibu kyau, daidai yadda take yi wa malamin jami'a a ƙasar nan. Ya samu koyarwa, ya yi aure, ya sha yajin aiki da shekarun karatu da ke cin junansu. An gayyace shi taro a ƙasashen da bai taɓa mafarkin zuwa ba, kuma ko'ina babi na huɗu ake so ya yi magana a kai. Rijiyar Marwa ta yi suna. Ɗalibai sun haddace ta, tana fitowa a jarrabawa, masu rubuta rahoton ruwa suna ambatonta. Shekarun farko yakan aika wa Namadi shayi da sukari in ya sami mai zuwa. Daga baya aiken ya ja baya, har ya tsaya, ba don wani saɓani ba.

Wata ranar Laraba a 2022, yana fitowa daga aji, wayarsa ta yi ƙara. Namadi ne, daga rumfar mai cajin waya a kasuwar Gidan Amumune. Muryar ta tsufa amma ba ta karye ba. Bayan doguwar gaisuwa ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Gonaki sun daɗe suna matsowa, har suka kewaye rijiyar. Gidan da ke noma wurin sun sayar wa wani ɗan kasuwar Mayahi, Alhaji Muddassir, wanda ke son kafa shingen waya ya kiwata shanunsa, kuma takardar cinikin ta ce har da rijiya. Da aka je gaban sarki, masu sayarwar suka kawo tsofaffi biyu da suka ce kakan gidan ne ya sa aka gina ta, aro kawai ya ba Fulani. Mutum bakwai da suka yi ginin, shida suna ƙasa. Sarki ya san Namadi, ya kuma san ba maƙaryaci ba ne, sai ya buɗe masa ƙofa: ya dafa Alƙur'ani ya rantse, rijiya tasa ce, magana ta ƙare.

Namadi bai taɓa rantsuwa ba a rayuwarsa. Ya tashi ya iske manyansa suna cewa rantsuwa ko ta gaskiya ce takan taɓa mutum, in ba a jikinsa ba a zuriyarsa ko a garkensa, don haka ba a yin ta sai an rasa kowace hanya. Shi kuwa a ganinsa bai rasa ba. Ya gaya wa sarki a gaban jama'a cewa ba sai ya dafa ba, shi yana cikin littafi, da sunansa da na ubansa, wani babban malami ya rubuta tun babu wannan rigima. Sarki ya sake tambayarsa har sau biyu. Da ya tsaya a kan bakansa, aka rubuta cewa sulhu bai yiwu ba, an ba Namadi rantsuwa ya ƙi, aka tura maganar gaban alƙali.

Cha'ibu yana tsaye a barandar jami'a, ɗalibai na wuce shi suna gaisuwa. Ga lokacin faɗar gaskiya ya zo, ko da a makare. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, “To, Baffa, ina zuwa.”

Kafin ranar shari'a ya birkice ɗakin karatunsa kaf, ko Allah zai sa wani kaset ya tsira ko wata takarda ta maƙale a cikin wani littafi. Bai sami komai ba. Ya yi aikinsa da kyau tun farko. Ya rubuta wa tsohuwar jami'arsa, aka amsa masa da ladabi cewa malamarsa ta rasu, kuma abin da ke cikin fayil ɗinsa kawai shi ne wasiƙar da ya aiko cewa ya ƙone komai.

Ya isa Mayahi da niyyar ya ja Namadi gefe kafin a shiga. Ya iske shi da hantsi a gindin wani gawo, cikin farar riga, gafakar na rataye a wuyansa, yana nuna wa mutane baƙonsa da alfahari. Tsohon ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya rungume Cha'ibu, ya ce ya san ba zai ba shi kunya ba. Cha'ibu ya tambayi lafiyar shanu.

A gaban alƙali ya yi bayani yadda ya iya, kuma ya iya. Ya ce mutumin da ake kira Marwa a babi na huɗu shi ne wannan dattijo, rijiyar kuma ita ce wadda ake shari'a a kanta. Sai lauyar Alhaji Muddassir ta miƙe. Sunanta Nasiba, kuma Cha'ibu ya gane ta tun kafin ta buɗe baki, don ta zauna a ajinsa shekara biyu, a layin gaba. Ta gaishe shi da girmamawa, ta ciro nata kwafin littafin, wanda duk ta ja wa layi da jan biro tun tana ɗaliba. Ta karanta shafin farkon nan, inda ya ce ya sauya komai. Sannan ta bi abin ɗaya-ɗaya, tafinta yana mayarwa da Hausa. Littafi ya ce gabas da Tasawa, wannan rijiya tana ƙasar Mayahi. Littafi ya ce 1968, dattijo ya ce 1975. Littafi ya ce gaba ashirin da takwas, an zura igiya an sami talatin da huɗu. Ta tambayi Cha'ibu ko akwai kaset, ya ce babu. Ta tambaya ko akwai takardar da ta haɗa Marwa da Namadi, ya ce ya ƙone ta.

Ta ce, “Malam, ku kuka koya mana cewa in aka ɓoye mai ba da labari da kyau, ko alƙali ba zai iya gano shi ba. Ina neman afuwa, amma kun ɓoye shi da kyau.”

Ba da izgili ta faɗa ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Alƙali ya tambaye shi ko ya ga ginin rijiyar da idonsa. Ya ce yana da shekara huɗu a lokacin, a Maijirgi. Ashe duk abin da ya sani daga bakin Namadi ya ji, wato shaidarsa maganar mai ƙara ce ta zagayo ta dawo. Cha'ibu bai waiwaya ya dubi bencin da tsohon ke zaune ba. Ya dai ji lokacin da tafinta ya faɗi sunan Marwa karo na uku, Namadi ya tambayi na kusa da shi a hankali ko wane ne wannan.

Bayan mako shida aka yanke hukunci. Gefe ɗaya na da takarda da shaidu biyu, ɗaya gefen na da littafin da ke maganar wata rijiya dabam, ga kuma rubutun fada cewa an ba shi rantsuwa ya ƙi. Babu wanda zai ce alƙali ya yi zalunci. Alhaji Muddassir ma ba mugu ba ne, ya ce a bar Fulanin su sha har ruwan sama ya sauka. Cha'ibu ya rubuta takardar ɗaukaka ƙara mai shafi goma sha tara, ya aika a karanta wa Namadi. Aka dawo masa da amsa cewa tsohon ya ce ya gaji da takarda.

Ya koma aji, don babu yadda zai yi. Da aka zo makon babi na huɗu ya ce wa ɗalibai su karanta da kansu, ya ba su wani aiki. Matarsa ta lura ya daina cin abinci sosai, ta tambaya, ya ce zafi ne. Kunya ce ke cin sa, irin wadda ba ta da wurin faɗa, domin duk abokin aikin da ya ba labarin sai ya ce masa ai ya bi ƙa'ida, ba laifinsa ba ne. Shi kuwa ya san ba ƙa'ida ce ta hana shi buɗe baki har sau huɗu ba.

Da ruwan farko ya sauka ya sake hawa kabu-kabu daga Gidan Amumune. An riga an kafa turakun ƙarfe kewaye da rijiyar, saura jan waya. Rugar tana tashi. Mata na ɗaure ƙore a kan jakuna, an kwance bukkoki, za su yi arewa inda wani dangi ya ce zai ba su ruwa in ya rage. Namadi na zaune a kan tabarma yana kallon aikin. Ya amsa gaisuwa cikakkiya, ya sa aka kawo wa baƙo nono, bai rage masa komai na karamci ba. Cha'ibu ya so a ce zagi ya samu.

Ya fara bayani. Ya faɗi dokar jami'a, da takardar da ya sa wa hannu, da tsoron da ya ji kada masu gari su gane wanda ya tona su. Namadi ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba.

Sannan ya ce, “Wanga Marwa, ɗan wa ne?”

“Ba ɗan kowa ba ne, Baffa. Ni na ƙago shi.”

Tsohon ya jinjina kai, ya dubi turakun. Ya ce ya gane, tsoro ne, kuma wanda ya ji maka tsoro ba maƙiyinka ba ne. Ya ce bai riƙe shi da sauya suna ba, kowace sana'a da al'adarta, su ma ba su faɗa wa baƙo yawan shanunsu. Cha'ibu ya fara jin numfashinsa na dawowa.

Namadi ya ce, “Abu guda ne. Ranar da sarki ya aje mini Alƙur'ani, hannuna na kusa da shi kamar haka. Gaskiyata ce, ni na shiga ramin. Da ka hwaɗa mini ba ni ciki, Dokta, da na dafa.”

Aka kira shi ya zo ya duba ɗaurin wani jaki. Ya dogara sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya tafi, ya bar Cha'ibu zaune da ƙwaryar nono a hannu.